ZAKIN TAGULLA DA MACIJINSA A BIRNIN PARIS

A gidan kayan tarihi na Louvre da ke birnin Paris akwai wani zaki na tagulla wanda ya danne maciji da ƙafarsa ta gaba. Antoine-Louis Barye ne ya ƙera shi. Ya fara nuna samfurinsa ga jama'a a 1833, sa'an nan aka zuba shi da tagulla a 1835 ta hanyar narkar da kakin zuma, dabarar nan da maƙeran Ife da Bini suka daɗe da ƙwarewa a kai.

Ma'anar da aka ba wannan aiki tana tattare da siyasar Faransa ta wancan zamani. Sarki Louis-Philippe ya hau gado ne bayan boren kwana uku na watan Yulin 1830, wato lokacin da masana taurari ke cewa rana tana burjin Zaki. Amma gadon bai zauna masa lafiya ba. Masaƙan birnin Liyon sun yi tawaye a 1831, mutanen Paris kuma suka tare tituna a watan Yunin 1832. Saboda haka ba a sha wahalar fassara ba: zaki shi ne sarki, maciji kuwa masu ta da fitina. Aka kafa shi a lambun Tuileries a 1836, ya zauna can har 1911.

Sai dai wanda ya tsaya ya dube shi da kyau zai ga faɗan bai ƙare ba. Macijin yana da ransa, ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe. Shi kuwa zakin, duk da faratansa da tarin ƙwanjinsa, ya karkata kai gefe, ya yage leɓe, kamar mai ƙyamar abin da ya kama kuma yana shakkar sara. Barye ya shafe shekaru a gidan dabbobin Paris yana zana namun daji, har yana auna gawarsu idan sun mutu, don haka ya san yadda zaki kan yi in ya gamu da abin da ƙarfi kaɗai ba ya kare shi daga gare shi. Fadawa sun ga nasara, amma abin da tagullar ta riƙe shi ne lokacin da ba a san na ƙasa ba tukuna.

A watan Fabrairun 1848 wani boren ya tashi a Paris, Louis-Philippe ya sauka daga gado ya tsere Ingila, inda ya mutu a 1850.