Haɗarin jirgin ruwa a Tafkin Kainji: Wace hanya doka ta buɗe wa masu neman diyya?

Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja ɗauke da fasinja fiye da 150 ya dare ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan ne suka tsira. Bayan jana'iza da ta'aziyya, tambayar da ta rage wa iyalai ita ce ko akwai wanda doka za ta kama da alhaki.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2024 ya haskaka wani ɓangare na amsar. A shari'ar da aka fafata tsakanin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, da gwamnatin Legas, kotun ta farfaɗo da hukuncin Babbar Kotun Tarayya na 2014, ta tabbatar cewa bayar da lasisi da sa ido kan zirga-zirga a manyan hanyoyin ruwa hurumin tarayya ne. Ke nan duba lafiyar jiragen da ke jigila tsakanin Yauri, Ngaski da Shanga nauyi ne da ke wuyan hukumar tarayya.

Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci Kogin Neja da sunansa, ya kuma keɓe wa Babbar Kotun Tarayya ƙararrakin sufurin jiragen ruwa a kansa. Kotun tana da reshe a Birnin Kebbi.

Wanda ya jikkata, ko magadan mamaci, na iya ƙarar mai jirgi kan sakaci, kamar lodin da ya wuce kima ko rashin rigunan kariya. Diyya iri biyu ce. Ta farko ita ce asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da hajar da ta salwanta, wadda sai an kawo hujja dalla-dalla. Ta biyu kuwa alƙali ne ke ƙiyasta ta, bisa raɗaɗi da naƙasa da rashin mai ciyar da gida.

Babban tarko shi ne lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ƙayyade wata uku kacal don shigar da ƙara a kansu, duk da cewa kotuna sun amince da wasu togace-togace. Wani cikas kuma shi ne rashin rajistar sunayen fasinja, domin sai an tabbatar mutum yana cikin jirgin kafin a yi batun diyya. Saboda haka takardar asibiti, shaidar mutuwa da bayanin waɗanda suka tsira su ne jarin mai ƙara.