Shin Ko Kun San? Fata da Kayan Kwalliya Bayan Shekara Arba'in

Shin ko kun san cewa a shekara biyar na farko bayan al'ada ta ɗauke, fatar mace kan yi asarar kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, wato sinadarin da ke riƙe da fata ya sa ta yi ɓul-ɓul? Daga nan sai zubar ta lafa, ta koma kamar kashi 2 a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. To idan Hajiya ta wayi gari ta ga man da ta yi shekara da shekaru tana shafawa ya daina riƙe ta, ba lallai jabu aka sayar mata ba. Sinadarin istrojin na jikin mace ne ya ja baya, shi kuwa idan ya ja baya sai maiƙo ya ragu, fata ta rage kauri, ruwa ya riƙa tsere mata da wuri. Abin da irin wannan fata ke nema a kullum bai wuce uku ba: wankin da ba zai ɗauye ta ba, man da zai tsare mata ruwa, da abin da zai kare ta daga rana. Sauran ado ne, adon ma ba duka ne na ƙwarai ba.

Ko kun san fatar mutum mai ɗan tsami ce? A ma'aunin pH tana wajen 5, sabulun wanka na gama-gari kuwa yana tsakanin 9 da 10, wato ɓangaren kanwa. Sabulun salo ma nan yake, don da toka ake haɗa shi. Ɗaurewar da fuska ke yi bayan wanka, har a ji ta ƙayau-ƙayau, ba alamar tsafta ba ce, maiƙon da ke gadin fatar ne aka kwashe. 'Yar shekara ashirin kan mayar da shi cikin ɗan lokaci, 'yar hamsin takan wuni ba ta mayar ba. Sabulu sau ɗaya da dare ya ishi fuska, da safe ruwa mai ɗumi kawai.

Shin ko kun san basilin daga rijiyar man fetur ya fito? A 1859 Robert Chesebrough ya je filin haƙar mai na Titusville a jihar Pensilbaniya ta Amurka, ya tarar ma'aikata suna kwasar wani danƙo da ke taruwa a jikin injuna suna shafa wa ƙuna da yanka. Ya tace shi, a 1872 ya yi masa rajista da sunan Vaseline. Har gobe likitocin fata na sa shi a sahun gaba wajen hana ruwa fita daga fata, don yana tare sama da kashi 90 cikin 100. Amma fa bai ƙara wa fata ko ɗigon ruwa, rufe wanda ya tarar kawai yake yi. Wadda ta jira jiki ya bushe ƙarau sannan ta lafta shi, ƙyalli za ta samu, fatar na nan da ƙishinta. Ana fitowa wanka ake shafawa, da sauran lema. Haka bayan alwala. A tsakiyar hunturu laimar iskar Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga fuska da hannu suna shan ruwa sau biyar a wuni suna bushewa cikin wannan iska. Ƙaramin gwangwanin mai kusa da dardumar salla ya fi babbar kwalba da ke ƙuryar ɗaki amfani.

Man kaɗanya kuwa ya girmi duk kamfanonin kwalliya. Ibn Battuta ya ambace shi a tafiyarsa ta daular Mali a ƙarni na 14, Mungo Park ma ya yaba shi a ƙarshen ƙarni na 18. Bishiyar kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar, kuma a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Mafi yawan wanda ake fitarwa waje ma a cakulan da kayan abinci yake ƙarewa, ba a fuska ba. Mai kyau, idan kika ɗebo gutsure kika murza a tafin hannu, nan take zai narke ya bar ɗan ƙaurin hayaƙi. Abu ɗaya dai ba ya yi, ko da masu talla sun rantse: ba ya tare rana.

Shin ko kun san an taɓa auna kariyar da baƙar fata ke da ita daga rana? Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya ƙiyasta ta a kusan SPF 13, farar fata kuwa wajen 3. Baiwa ce, shi ya sa tamoji kan makara a fuskar baƙar mace. Sai dai likitoci SPF 30 suke ba da shawara, wanda ke tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata. SPF 50 kashi 98 yake tarewa, saboda haka kada a biya ninki biyu a kan kashi ɗaya. Mu rana ba ta cika yamutsa mu da wuri ba, dabbara mu take yi: kumatu da goshi su yi duhu, tabon ƙurjin bara ya ƙi tafiya. Kuma ba hasken da ido ba ya gani kaɗai ke wannan aiki ba, har wanda ake gani yana ƙara wa baƙar fata duhu. Abin da ke tare shi garin tsatsar ƙarfe ne da ake zubawa a fandeshan don ba shi launi. Wato man rana mai launin fata ya fi fari sol amfani a wurinmu, ga shi ba ya barin fuska furu-furu. Mayafi na taimakawa, amma ba ya rufe kumatu da bayan hannu.

Yanzu ga maganar da ba a son ji. Shin ko kun san cewa yawancin kwallin dutse da ake niƙawa a zuba a tandu, dutsen dalma ne? Ɗan ƙyalƙyalin nan da ake gani a jikin tsinke idan an zaro shi, wanda ake ɗauka shaidar inganci, dalmar ce. A 2011 likitoci a Boston suka gano dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida ɗan asalin Najeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2012, ƙasar kuma ba ta yarda a shigo da irin wannan kwalli ba. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma tun da ta afka musu a 2010. To ina ruwan mai shekara hamsin? Sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take kwanciya, ta yi shekaru. Idan al'ada ta ɗauke ƙashi ya fara zaizayewa, sai ta sake komawa jini, ita kuwa tana da hannu a hawan jini da ciwon ƙoda. Ga jikoki, waɗanda kaka ce kan rangaɗa musu kwalli tun ranar suna. Ba a ce a bar ado da ido ba. Gazar mai lambar hukuma da jerin abin da aka haɗa ta da shi tana yin aikin.

Ko kun san daga ina aka samo alƙaluman nan na cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man bilicin? Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo su a 2011, amma tushensu wani bincike ne tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka a riƙe su da hankali. Ko ba lissafi dai, duk wadda ke zuwa biki ta san abin ya yi yawa, har NAFDAC ta kira shi matsalar lafiya ta gaggawa a watan Fabrairun 2023. Abu uku ake yawan samu a ciki. Haidrokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, mai wuyar magani. Likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana wannan a 1975, ƙasar ta hana shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai a 2001, Ghana a 2016. Sai makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Na uku magungunan sitiroyid ne masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda don cutar fata aka yi su, a shafa mako biyu a daina. Su ne ke sa fata ta yi laushin banza, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage hannu da cinya, rauni ya ƙi warkewa. A tuna fatar mai shekara arba'in da biyar da ma tana rage kauri da kanta. Ƙara mata wannan kamar kankare bangon da damina ta riga ta ci ne. Mafi haɗari shi ne “haɗi”, wanda ake cuɗawa a bayan shago a ɗura a roba ba suna ba lamba, a ce miki “na gyaran fata ne kawai, Hajiya, ba bilicin ba ne.” A dubi gaɓoɓin yatsun mai sayarwar kafin a miƙa kuɗi.

Shin ko kun san baƙin wuya ba kullum datti ba ne? Idan bayan wuya ko hamata suka yi duhu, fatar ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, sau da yawa alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, abin da kan gabaci ciwon suga. Soso da dilka ba sa fitar da shi. Gwajin jini ake yi.

Maganin tamoji da aka fi tabbatar da aikinsa kuwa ba don tamoji aka yi shi ba. Tiretinoyin, ɗan gidan bitamin A, an amince da shi a Amurka a 1971 don ƙurajen fuska. Da masu shafawa suka riƙa cewa fatarsu ta yi sumul, aka bincika, a 1995 aka amince da shi don tamoji. Tarihinsa na da tabo: Albert Kligman, likitan da ya fito da shi, ya yi shekaru yana gwaje-gwaje a jikin fursunonin kurkukun Holmesburg, galibinsu baƙaƙe, har birnin Filadelfiya ya nemi afuwa a 2022. Ritinol ɗin da ke shaguna ƙanensa ne, bai kai shi ƙarfi ba. Kamar ƙwayar wake ya ishi fuska duka, da dare, sau biyu a mako a farko, kuma sai an yi wata uku kafin a fara ganin bambanci. Mai gaggawa da ta lafta za ta saɓule, saɓewa kuwa a baƙar fata tabo take bari. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi, kuma shekara arba'in da biyar ba ta hana ɗaukar ciki.

Lemun tsami a fuska sannan a shiga rana yana iya ƙona fata ya bar tabo na watanni. Dilka da halawa da suka zo mana daga Sudan ta hanyar Chadi da Maiduguri ba laifi, in ba a mayar da su na kowane mako ba.

Ko kun san lalle na gaskiya ba ya yin baƙi? Ja ne ko ruwan goro. Abin da ke sa dayis ya kama baƙi ƙirin cikin ƙanƙanen lokaci sinadarin PPD ne, wanda ke cikin yawancin rinin gashi. Idan jiki ya tsane shi sau ɗaya, ya tsane shi har abada. Wadda zanen biki ya taɓa tayar mata da ƙuraje masu ruwa, ranar da ta zo rina furfura tana iya kumbura har ido ya rufe. Shi ya sa kwalayen rini ke cewa a ɗan shafa a bayan kunne a jira awa 48.

Hoda fa? Busasshiyar hoda kan kwanta cikin layukan gefen ido da na baki ta ƙara fito da su, don haka goshi da hanci kawai ke buƙatarta. A gwada fandeshan a kan muƙamuƙi a hasken rana, ba a bayan hannu ƙarƙashin fitilar shago ba. Samun launin da ya dace da mu ma sabon abu ne: Eunice Johnson ta kafa kamfanin kayan kwalliya na Fashion Fair a Chicago a 1973 saboda masu tallan tufafinta baƙaƙe sai sun cakuɗa launuka da kansu, Iman 'yar asalin Somaliya ta biyo a 1994, Fenty Beauty ta fito da launi 40 a 2017. Leɓe kuwa kusan ba shi da maiƙon kansa, lasa ƙara busar da shi take yi. A sa mai tukuna, jan baki ya biyo baya.

Shin ko kun san hoton ƙaramin gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da ke bayan kwalba, da 6M ko 12M a jiki, yana nufin watannin da kayan zai yi bayan an buɗe shi? Maskara ce ta fi kowa gajeren kwana, wata uku, domin duk shigar burushi da fitarsa ƙwayoyin cuta yake kaiwa ciki. Idan ta bushe ba a ɗiga mata ruwa, balle yawu, yarwa ake yi. Kuma tsinken kwalli ko gazar ɗaya da ke zagaya idon mata goma a ɗakin amarya ya isa ya raba wa dangi afolo kafin a watse daga biki.