Wa Zai Gyara Fanfon Garinku?

Ɗan'uwa mai karatu, idan fanfon garinku ya lalace, wa za ka je ka gani? Idan iska ta kwashe rufin lakol, wa zai biya kwano? Mutane da yawa sai su ce: "Gwamnati." To, amma gwamnati hawa-hawa ce, kuma kowane hawa da nasa aikin.

Ka duba gidanku. Maigida ne ke cika rumbu. Uwargida ce ta san gishiri ya ƙare. Wanda ke kusa da abu shi ya fi sanin lalurarsa. Haka ake raba aikin ƙasa.

In kana cin kasuwar Maigatari, ka san Nijeriya. Can tarayya suke yi. Akwai gwamnatin tarayya a Abuja, da jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Soja da kwastan da buga naira na tarayya ne. Kasuwa da tasha na ƙaramar hukuma ne. Kowane wata ana raba kuɗin asusun ƙasa. Cikin naira 100, tarayya na ɗaukar 52 da ɗoriya, jihohi 26 da ɗoriya, ƙananan hukumomi 20 da ɗoriya.

Mu a Nijar ba tarayya muke yi ba, amma mu ma an raba aiki. A 2004 aka yi zaɓen kansiloli a komin 265. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya, ta zama gunduma mai komin huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. A 2016 gwamnati ta miƙa wa komin da jihohi wani kaso na aiki huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ke nan ajin firamare da rijiyar gari suna wuyan komin. Tsaro da manyan hanyoyi suna wuyan Yamai. A 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi.

Ga inda gizo ke saƙa. Ba da aiki abu ne mai sauƙi, ba da kuɗinsa ne da wuya. Komin na ƙauye ya dogara da lamho, da tikitin kasuwa, da abin da Yamai ta aiko. In an ɗora masa kaya ba guzuri, fanfo sai ya shekara a mace, mata na ta tafiya neman ruwa.

Saboda haka, in ka biya lamho, karɓi takardar shaida, ka karanta ta, ka adana. Yanzu ka iya karatu. Je ka ofishin komin, ka yi sallama, ka tambaya: nawa aka tara bana, me aka yi da su? Kuɗinka ne.

Tambayoyi
1. Komin nawa ke cikin gundumar Dungas?
2. Wane aiki ne ke wuyan komin?
3. Ina kominku ke samun kuɗi?