Guzurin Ɗalibi A Ƙasar Waje: A Yi Lissafi Tun Daga Gida

Ba yau 'ya'yan Arewa suka fara ƙetare hamada don neman ilmi ba. Tun a tsakiyar shekarun 1950 aka tura su Malam Abubakar Gumi zuwa Bakhtur Ruda ta ƙasar Sudan, yau kuwa har a garuruwa irin su Kademi da Gaya da Ajingi za ka iske uba yana burin ganin ɗansa a Azhar ko Madina. Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa a kai shi ne, ba kasafai kuɗin makaranta ke kayar da ɗalibi ba. Cimaka da hayar ɗaki da kuɗin mota da sabunta takardar zama, su ne ke cinye guzuri a hankali.

Da fari dai a san abin da makarantar ta ɗauke. Jami'ar Musulunci ta Madina takan ba ɗalibinta masauki da alawus na wata da tikitin jirgi, amma wanda ya tafi Alƙahira da aljihun ubansa, to, kusan komai na wuyansa.

Na biyu, lalle ne a yi lissafin da kuɗin waje, kada a yi shi da naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a banki, amma zuwa Fabrairun 2024 ta kai kimanin 1,500. Watau ma'aikacin da ke aika wa ɗansa dala 100 duk wata, abin da yake fitarwa ya tashi daga naira 46,000 zuwa 150,000, albashinsa kuwa yana nan inda yake.

Na uku, a ware kuɗin komowa gida, kada a taɓa su ko ana cikin matsi. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, ɗalibanmu sun yi kwanaki a kan iyakar Masar, mai 'yar ajiya a hannu ya fi samun sauƙi.

Saboda haka ɗan kasuwa ya tanadi guzurin shekara lokacin da ciniki ke gudu, manomi da kaka, ma'aikaci kuma ya riƙa cirewa duk wata tun yaro bai tashi ba, don kada larura ta kai shi ga bashi da ruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.