Bin Sawun Kakan da Ya Je Boma

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, da ma zangunan Kumasi da Ankara, idan aka ambaci wani kaka sai ka ji an ce, "Ai ya je Boma," sa'an nan magana ta tsaya a nan, domin waɗanda suka san tafsilin tafiyar sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu kuwa, waɗanda suka ji daga bakinsu, yau tsufa ya cim musu. Wanda ke da muradin sanin haƙiƙanin abin da kakansa ya yi a soja, wajibi ne ya fara da waɗannan dattawa tun suna da ƙarfin ba da labari, ya riƙa rubuta wanda ya faɗa da wanda shi kuma ya ji daga gare shi, kamar yadda malaman hadisi ke kiyaye isnadi, saboda riwayar gida takan cuɗa yaƙe-yaƙen duniya biyu ta mayar da su ɗaya.

Yaƙe-yaƙen kuwa sun bambanta. A na farko, wanda aka soma a 1914, sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamus a Kamaru har 1916, daga baya aka kai su Afirka ta Gabas. A na biyu, wato yaƙin Hitila, sun fara gwabzawa da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, kana aka haɗa runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan suka fuskanci Japan, har suka ƙwace Myohaung a watan Janairu na 1945.

Babbar musibar mai bincike ita ce suna. Akawun da ke ɗaukar kurata ba ya tambayar nasaba. Abin da ya fi yawa shi ne ya rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari ko ƙabila, sai ka tarar da Musa Kano ko Garba Sakkwato fiye da a ƙirga, alhali wani ma ba haifaffen garin ba ne, can dai aka ɗauke shi, wani kuma da gangan ya sauya suna don kada iyayensa su gano inda ya nufa. Saboda haka lambar soja ita ce hujja. Ta mutanen Nijeriya a yaƙi na biyu takan fara da haruffan NA, ta mutanen Gana da GC, kuma ana samunta a takardar sallama, wadda sau da yawa tana nan a ƙasan tsohuwar adaka, a naɗe cikin tsumma tare da layu da rasiɗan haraji, gara ta ci gefenta. Lambobin yabo ma a juya su a duba: na yaƙin farko an buga suna da lamba da muƙami a jikinsu, amma na biyu, irin su tauraron Boma, galibi haka aka raba su ba suna, don haka samunsu a gida ishara ce kawai.

Idan lambar soja ta samu, ƙofofi sukan buɗe. Wanda ya rasu a fagen fama, a neme shi a kundin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wanda ake dubawa kyauta a intanet. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da mutanenmu a ciki. Sai dai rashin ganin suna ba ya ƙaryata riwayar gida, domin hukumar da kanta ta yi iƙirari a 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba. Gidan adana takardun tarihi na Kew a Landan yana riƙe da littattafan da kowace bataliya ke rubuta al'amuranta na yau da kullum, waɗanda, ko da yake da wuya su ambaci farabiti da sunansa, suna bayyana inda bataliyarsa ta kwana da ranar da ta yi artabu. A gida kuma akwai gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya. Mutanen Nijar, da yake kakanninsu Faransa suka yi wa soja, sai su duba kundin Mémoire des hommes.

Gargaɗi ya zama tilas a nan. Akwai mayaudara da ke yawo suna cewa Ingila ta ware wasu maƙudan kuɗi ga jikokin tsofaffin sojoji, a kawo takardar sallama da kuɗin cike fom, akwai kuma dillalan kayan tarihi masu sayen lambar yabo da abin da bai taka kara ya karya ba. Kada a miƙa wa kowa asalin takarda, ko da ya zo da kakin soja; a ɗauki hotonta gaba da baya, a ba shi hoton, ita kuwa a shimfiɗe ta cikin busasshiyar takarda nesa da danshi, kuma kada a manne yagewarta da salatif, domin ɗankonsa yana cin tawada.