Kiɗa a Gaban Jama'a: Misali Daga Makarantar Kiɗa ta Jami'ar Indiyana

Kowane fanni na ilmi a jami'a yana da hanyar da a ke bi a gane ko ɗalibi ya riƙe abin da aka koya masa. Mai nazarin tarihi takarda zai rubuta, mai koyon aikin likita kuwa a kai shi gaban majinyaci. Amma mai koyon kiɗa ba ya da wata hujja da zai kafa sai ya fito gaban jama'a da kayan kiɗansa ya buga a ji. Saboda haka taron kiɗa a makarantar kiɗa ta jami'a ya wuce shagalin hutu. Shi ne aji, shi ne ɗakin gwaji, a wani lokaci kuma shi ne jarrabawar da digirin ɗalibi ya rataya a kanta. Domin a ga yadda wannan tsari ya ke gudana, za a ɗauki makaranta ɗaya a duba, watau makarantar kiɗa ta Jami'ar Indiyana da ke garin Bloomington a ƙasar Amurka.

Bloomington ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu tamanin da 'yan kai ba, yana kuma nesa da manyan biranen da aka sani da harkar kiɗa. (Masu nazarin Hausa dai sun san sunan wannan jami'a, gama a can ne Farfesa Paul Newman, wanda ya yi aiki a Kano a farkon shekarun 1970, ya daɗe yana koyarwa.) An kafa makarantar kiɗan a 1921, a 2005 kuma aka sa mata sunan Jacobs, bayan da iyalin wannan gida suka ba ta kyautar kuɗi fiye da dala miliyan 40. Tana da ɗalibai wajen 1,600, kuma a kowace shekara tana shirya tarurrukan kiɗa fiye da dubu ɗaya. In aka raba wannan adadi bisa kwanakin shekara, za a ga ya kama kusan taro uku a kowace rana, ko da ya ke a haƙiƙa ba haka su ke rabuwa ba, domin a lokacin hutu abin ya kan lafa, a ƙarshen zangon karatu kuwa sai ya yi yawa har mutum ya rasa wanda zai je.

Ba haka makarantar ta ke ba tun farko. Mutum biyu ne suka sauya ta: Herman Wells, wanda ya shugabanci jami'ar daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa 1962, da Wilfred Bain, wanda ya riƙe makarantar kiɗan daga 1947 zuwa 1973. Ra'ayin Bain shi ne, ɗalibi ba ya zama makaɗi ta wurin sauraron lacca, sai ta wurin yin kiɗan a kai a kai a gaban mutane, kuma wanda zai koya masa lalle ne ya zama shi ma gwani ne da ya saba da dandamali. Daga wannan ra'ayi abubuwa biyu suka fito, watau ɗauko shahararrun makaɗa a mai da su malamai, da kuma cika kalandar makaranta da tarurrukan kiɗa.

Malaman da Bain ya jawo sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. A 1955 ya ɗauki Menahem Pressler, mai kiɗan fiyano, haifaffen Magdeburg ta Jamus, wanda ya tsere wa mulkin Nazi yana saurayi. A wannan shekara ce kuma Pressler da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar nan ta mutum uku mai suna Beaux Arts, wadda ta yi fiye da shekara hamsin tana zaga duniya kafin ta watse a 2008. A 1958 János Starker ya zo, mutumin Budapest, mai kiɗan babban gogen Turawa da a ke kira celo, bayan ya bar matsayinsa na jagoran masu celo a babbar ƙungiyar makaɗa ta Shikago. A 1960 kuma Josef Gingold ya biyo baya, wanda ya yi shekara goma sha uku yana jagorancin masu ƙaramin goge, watau biyolin, a ƙungiyar makaɗa ta Cleveland. Dukansu ukun sun zauna a makarantar har ƙarshen rayuwarsu: Gingold ya rasu a 1995, Starker a 2013, Pressler kuwa a 2023 yana da shekara 99.

To, me ya sa malami irin waɗannan zai fito ya yi kiɗa a ƙaramin zauren makaranta, alhali kuwa a wasu birane sai an biya kuɗi mai tsoka kafin a ji shi? Dalili na farko na koyarwa ne. Akwai abin da baki ba ya iya bayyanawa, kamar yadda a ke jan sandar goge a kan tsirkiya ba tare da kafaɗa ta ƙage ba, ko yadda makaɗi ya ke shan kan tsoro in ya ga zaure ya cika, ko yadda ya ke wucewa in ya yi kuskure ba tare da kiɗan ya tsinke ba. Ɗalibin da ya zauna a layin gaba ya kan ga wannan da idonsa. Dalili na biyu ya shafi mutuncin malamin kansa. Wanda ya yini yana gyara wa ɗalibai hannu, da dare kuma ya hau dandamali a gabansu, ya san cewa kowane ɗayansu yana sauraronsa da kunnen da shi da kansa ya wasa. Ba a samun masu sauraro da suka fi waɗannan tsanani, kuma malamin da hannunsa ya fara sanyi ba zai iya ɓoye musu ba. Dalili na uku kuwa ma'aikatan hukuma za su fi saurin gane shi, domin batun ƙarin girma ne. A jami'o'in Amurka, yadda a ke auna malamin kimiyya da takardun binciken da ya wallafa, haka a ke auna malamin kiɗa da tarurrukan da ya yi da faya-fayan da ya ɗauka. Kiɗan da ya yi a gaban jama'a shi ne wallafarsa.

Wannan tsari yana da nasa cikas. Malamin da duniya ta ke nema ya kan yi tafiye-tafiye, ɗalibinsa kuwa darasin kowane mako ya ke bukata. Makaranta tana son sunan da tafiyar ta ke jawo mata, tana kuma son malamin ya zauna, kuma ba kullum ne a ke iya haɗa biyun ba.

Ta ɓangaren ɗalibai, kiɗan gaban jama'a iri biyu ne. Akwai na ƙungiya, wanda wajibi ne ga mai neman digiri ya shiga, ko dai ƙungiyar makaɗa, ko ta mawaƙa, ko ta masu busa. A nan ɗalibi ya ke koyon abin da yawancin makaɗa za su ci abinci da shi bayan sun gama, watau bin sandar madugu, da daidaita sautinsa da na mutum saba'in ko tamanin, da zuwa gwaji kan lokaci. Sa'an nan akwai na mutum ɗaya, inda ɗalibi zai tsaya shi kaɗai, ko tare da mai raka shi da fiyano, ya yi kiɗa na kusan awa guda. Mai neman digirin farko a fannin kiɗa ya kan yi irin wannan a shekararsa ta uku da ta huɗu, mai neman digirin dakta kuwa sai ya yi da yawa. Kafin a bar shi ya fito, a kan sa shi ya fara bugawa a gaban kwamitin malamai, in suka ga bai nuna ba su ɗage masa. Masu fiyano da mawaƙa galibi da ka su ke yi, ba takarda a gabansu.

Bambancin wannan jarrabawa da ta takarda a bayyane ya ke. Mai rubutu in ya yi kuskure zai soke ya sake, kuma malami ɗaya ne zai gani. Makaɗi kuwa abin da ya fita ya fita, a gaban malaminsa da abokan karatunsa da iyayensa da suka taso daga nesa. Aikin wata shida ko fiye ya kan tattaru cikin minti sittin. Akwai waɗanda su ke ganin wannan bai yi adalci ba ga ɗalibi mai ƙwazo wanda fargaba ta ke kayarwa, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai sana'ar ce haka, makarantar da ta ɓoye wa ɗalibi wannan kuwa ta cuce shi.

Abin da ya fi fito da sunan Indiyana shi ne opera, watau wasan kwaikwayon da a ke rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa suna raka 'yan wasa. Bain ya fara shirya shi a 1948, a wannan shekara kuma aka fara nuna wa duniya wani wasa na Kurt Weill mai suna Down in the Valley a Bloomington. Daga 1949 makarantar ta ɗauki al'adar nuna Parsifal na Richard Wagner kowace shekara, wasan da kiɗansa kaɗai ya kan kai awa huɗu, ta kuma yi wajen shekara ashirin tana haka. A 1972 aka buɗe sabon gidan wasa mai kujeru 1,460, wanda aka tsara dandamalinsa bisa misalin na babban gidan opera na Metropolitan da ke birnin New York. A 1981 kuwa ɗaliban suka tafi wannan gida na Metropolitan ɗin kansa suka nuna The Greek Passion na Bohuslav Martinů. Opera tana cin kuɗi ƙwarai, ga kayan ado, ga ginin dandamali, ga fitilu, amma tana haɗa mawaƙa da makaɗa da masu aikin bayan fage a kan aiki ɗaya. A kan kuma naɗa mutum biyu a kan kowane babban matsayi, su riƙa karɓa-karɓa, domin dama ta kai ga ɗalibai da yawa. Duk da haka mawaƙan sun fi guraben yawa, kuma ƙaramin ɗalibi ya kan daɗe cikin 'yan amshi kafin a ji muryarsa ita kaɗai.

Da farko kusan duk abin da a ke bugawa a waɗannan tarurruka kiɗan Turai ne. Daga baya fagen ya faɗaɗa. A 1961 Juan Orrego-Salas, mutumin ƙasar Chile, ya kafa cibiyar kiɗan Latin Amurka a makarantar, a ƙarshen shekarun 1960 kuma David Baker, baƙar fata haifaffen Indianapolis, ya kafa sashen jaz, a zamanin da jami'o'i da dama ba su ɗauki jaz abin nazari ba. Ya shugabanci sashen har 2013.

Mutanen gari su ma suna da rabonsu. In ban da opera da rawar bale da 'yan wasu manyan tarurruka, yawancin abin da a ke yi kyauta ne, kowa ya zo a buɗe masa ƙofa. A irin wannan gari aka haifi Joshua Bell a 1967, mahaifinsa malami ne a jami'ar. Yana da shekara 12 ya shiga hannun Gingold, yana da 14 ya buga biyolin tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Philadelphia, a 2007 kuma makarantar ta ɗauke shi malami. Amma yawan tarurrukan yana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. A watan Afrilu, lokacin da masu kammala karatu su ke rige-rigen samun zaure, a kan jera taro bayan taro tun daga rana har dare, kuma ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya fito ya tarar da 'yan tsirarun mutane a zaure mai kujeru ɗari huɗu. Makarantar ta kan ɗauki sautin kiɗan ta ajiye a ɗakin karatunta, tana kuma watsa tarurruka da dama kai tsaye ta intanet, hanyar da ta yi amfani ƙwarai a 2020 sa'ad da annobar korona ta hana taruwa. Ta haka iyayen ɗalibin da ya zo daga Koriya ko Brazil su kan ji kiɗan ɗansu daga gida, ko da kuwa agogon garinsu ya nuna tsakar dare ko asuba.