Gyaran Fok Na Gaban Babur A Gida

A gidajenmu da yawa babur shi ne jakin gida. Shi ke kai yara makaranta, ya kai uwargida asibiti, ya kwaso hatsi daga gona. Muna kula da inji da taya, amma sau da yawa mukan manta da fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba.

Kowace ƙafa bututu biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya. A ciki akwai sifirin da mai. Sifirin yana shanye gargada, shi kuwa mai yana bin ƙananan kafofi sannu sannu, ya hana babur tsalle. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da babur mai irin wannan fok a 1935, kuma shi ne a kan Honda CG125 da aka soma ƙerawa a 1975.

Ƙurar hunturu da tsatsar damina su ne ke cinye robar nan da ake kira sil. In ta mutu sai mai ya riƙa tsiyaya. Ranar da ya kai ga birki ko taya, to, duk wanda muka goya yana cikin hatsari.

Ga yadda za mu yi. Mu kafe babur, mu tokare ƙasan inji da katako har tayar gaba ta bar ƙasa. Mu sassauta murfin sama tun ƙafar tana ɗaure, sa'an nan mu cire taya, mu zare ƙafa ɗaya. Mu buɗe murfin da hankali, gama sifirin yana tunkuɗo shi da ƙarfi. Mu zubar da tsohon mai a gwangwani, mu kwance notin gindi, mu raba bututun, mu fid da zoben waya da tsohuwar sil. Mu wanke kome da kananzir, mu jera bisa tsumma mai tsabta yadda suka fito.

Yanzu sai mu mirgina bututu mai ƙyalli a kan gilashi. In ya lanƙwashe, mu sayi sabo. Dukansa da guduma ko gasa shi a wuta gyaran gangar auzinawa ne. In ɗan tsatsa ne kawai, mu shafa mai, mu goge a hankali da samfefa mai laushi, lamba 1200, har farce ya daina kamawa. Bututun waje kuwa, na alminiyam, mu bi shi da lamba 400, da 800, da 1200 tare da ruwa, mu ƙarasa da man goge ƙarfe.

Wajen mayarwa, mu rufe bakin bututu da leda don kada ya yanki sabuwar sil. Gefenta mai ƙaramin sifirin shi ne zai dubi mai. Mu danna ta da guntun bututun roba, mu mai da zobe. Man fok za mu zuba, gwargwadon da littafin babur ya faɗa, daidai wa daida a ƙafafu biyu. Baƙin mai da aka juye daga inji ba ya wannan aiki.

Kafin mu ɗauki kowa, mu matse birki, mu danna gaban babur sau da yawa, mu sake bin kowane noti da sufana. In wani abu ya shige mana duhu, mu nemi bakanike, ba abin kunya ba ne. Kowace safiya kuma mu share bututun da tsumma, gama rigakafi ya fi magani.